Abin da Ya Sauka a Gidana

Ranar da na ajiye aikin malamin gona
na taɓa kuɗin sallama na sayi abin da matata ta kira wauta:
sanda mai kofuna uku da ke juyi bisa soro,
da mazurari mai haɗiyar ruwa yana ƙirgawa.
Ta ce, "Haladu, sama ba ta neman magatakarda."
Na ce, "Ƙasa ce ke nema, Gambo."

Kullum in na dawo daga asuba
sai in duba ɗan gilashin da ke rataye a zaure:
zafi kaza, laima kaza, iska daga gabas.
In rubuta da alli a bango don masu wucewa,
jikata Rumasa'u ta tura a waya don na nesa.
Ba na sayarwa.
Wa ya taɓa sayar da labarin hadari?

Mai shanyar barkono ta fara leƙowa.
Magini ya tambaya kafin ya kwaɓa siminti.
Wani daga Damagaram, ban san fuskarsa ba,
ya aiko: in ya zubo a Daura ku faɗa mini,
uwata tana Kongolom, ba ta da waya.

Sai daren sha ɗaya ga Yuni.
Kwano ya yi ta kiɗa har zakara ya yi cara.
Milimita ashirin da biyu!
Na rubuta da manyan baƙi, hannu na rawa:
AN YI RUWAN SHUKA.

Mati direba yana Fatakwal da tirela.
Ya gani, ya kira 'ya'yansa a Dannakola.
Suka ce, Baba, ƙasa ko taƙi ɗaya ba ta jiƙa ba.
Ya ce, lamba ba ta ƙarya, ku fita da sungumi.
Tiya huɗu ta gero, irin da ya ɓoye tun kaka,
ta tsiro a kan yayyafi,
rana ta bi ta layi-layi ta ƙone.

Da ya dawo bai ɗaga murya ba.
Da ma ya ɗaga.
Ya zauna a dakalina, ya cire hula ya dube ta,
ya ce, "Malam, ruwanka bai zo gonata ba."

Ruwana.
Kwana uku kalmar tana ci na kamar ƙaya a tafin ƙafa.
Shekara talatin ina gaya wa manoma
hadari na iya jiƙa ƙahon sa ɗaya ya bar ɗayan,
ga shi bakin mazurari mai faɗin faifai
ya sa na yi wa ƙasar Daura duka alƙawari.

Na auna masa tiya huɗu daga rumbuna.
Na haɗa da gwangwanin madara da rula ta 'yan makaranta.
Na ce, a kafa a fili, nesa da inuwar gawo,
abin da ya tara a faɗa mana, ko babu ne.
Babu ma labari ce.

Yanzu gwangwani tara ne.
Akwai a Sandamu, akwai a Zango,
akwai na wata ungozoma a hanyar Baure
da ba ta taɓa makara ba.
Bangon zaure ya cika, sai da na ƙara allo.
Jiya: ni bakwai, Mati sha tara, ungozoma sifili.
Kowace lamba da sunan mai ita a gefe,
tawa kuma na rage mata girma:
a gidan Haladu, bisa soro, nan kaɗai.

Gambo har yau ba ta duba allon.
Ta ce gwiwarta ta riga kofunana sani.
Ɗazu na gan ta tana kwashe shanya, rana tsaka,
gilashi kuwa na cewa babu komai.
Na ɗauki alli.
Na tsaya.
Na je na taya ta kwashewa.